Idan mai taɓin hankali ya rikice, wa ya kamata a tura? Tambayoyi da amsoshi kan gyaran aikin 'yan sanda

Shekaru kusan 40 ke nan ana jayayya a Amurka, daga baya kuma a Ingila, kan wanda ya dace ya fara isowa idan mutum ya rikice saboda ciwon ƙwaƙwalwa: ɗan sanda mai bindiga da ankwa, ko ma'aikacin lafiya. Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsoshinsu gwargwadon abin da aka gwada aka gani.

Me ya haɗa ɗan sanda da mara lafiya tun farko?

Tarihi ne ya haɗa su. A 1955 akwai mutane kimanin 559,000 a kwance a manyan asibitocin taɓin hankali na jihohin Amurka. Wuraren sun yi ƙaurin suna wajen ɗaure mutane da wulaƙanta su, ga kuma sababbin magunguna sun fito da ke ba mara lafiya damar zama a gida. Sai aka shiga rufe asibitocin. A 1963 shugaba John Kennedy ya sa hannu kan dokar gina ƙananan cibiyoyi a cikin unguwanni domin su maye gurbinsu. An rufe asibitocin, cibiyoyin kuwa ba a gina su yadda aka yi alkawari ba, waɗanda aka gina ma ba a ba su isasshen kuɗi ba. Yau gadajen da suka rage a asibitocin jihohin ba su kai 40,000 ba.

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wanda da zai kwana a asibiti ya koma kwana a titi, ko a ɗakin mahaifiyarsa da ta rasa yadda za ta yi da shi. Idan dare ya raba ya fara farfasa kaya, lamba ɗaya ce ke amsawa, 911 ta kiran gaggawa, kuma 'yan sanda na da mota da mutane a shirye a kowace sa'a. Shi ya sa yau ake lissafa gidan yarin gundumar Los Anjalas, da na gundumar Kuk a Shikago, da na tsibirin Raikas a Niyok a cikin wuraren da suka fi ko'ina tara masu ciwon ƙwaƙwalwa a ƙasar.

Matsalar ta kai a tayar da jijiyar wuya a kanta?

Ta kai. Daga 2015 zuwa 2024 jaridar Washington Post ta riƙa ƙidayar mutanen da 'yan sandan Amurka suka harbe har lahira. Kimanin 1,000 ne a shekara, kuma kusan ɗaya cikin biyar an san yana da ciwon ƙwaƙwalwa.

Labarin Daniel Prude ya fi alƙaluma nuna yadda abin yake. Mutumin Shikago ne mai shekara 41, ya je wurin ɗan'uwansa a Rocesta ta jihar Niyok a Maris 2020. Ya rikice, aka kai shi asibiti, aka sallame shi a ranar. Cikin dare ya fice daga gida, ɗan'uwan ya kira 911. 'Yan sanda suka same shi tsirara a kan kwalta, ƙanƙara na zuba. Suka ce ya kwanta, ya kwanta. Suka sa masa ankwa, bai yi gardama ba. Da ya fara tofar da yawu suka rufe masa kai da wata jaka, sannan suka danne shi rub da ciki kamar minti biyu, har numfashinsa ya tsaya. Bayan mako guda ya cika. Likitan da ya binciki gawar ya ce shaƙewa ce sakamakon dannewar, ko da yake akwai ƙwaya a jininsa. Ba a gurfanar da ko ɗaya daga cikin jami'an ba. Ɗan'uwan ya sha faɗa wa 'yan jarida cewa taimako ya kira a kawo wa ƙaninsa, ba kisa ba.

A lura da wanda ya yi kiran. A irin waɗannan labaran, sau da yawa uwa ce, ko mata, ko wa, kuma su ne za su rayu da tunanin cewa da hannunsu suka danna lambar.

Amma ai mai taɓin hankali haɗari ne, ko ba haka ba?

Galibinsu ba su taɓa ɗaga wa kowa hannu ba, kuma an fi cutar da su fiye da yadda suke cutarwa. Akwai lokutan haɗari na gaske, musamman idan ciwon ya haɗu da shaye-shaye ko makami. Yawancin kiraye-kirayen dai na mutum ne da ke surutai a bakin shago, ko ya ƙi fita daga motar haya, ko yake kuka yana cewa ya gaji da duniya.

To me ke sa abu ya lalace da zarar ɗan sanda ya iso?

Horonsa ne. An koya masa ya karɓe iko da wuri cikin gaggawa: ya daka tsawa, ya ba da umarni, wanda ya ƙi bi a ƙara masa ƙarfi. Wannan yana aiki a kan ɓarawo, domin ɓarawo yana lissafi. Wanda ke jin muryoyi a kansa, ko ya yi imani ana farautarsa, ba ya cikin wannan lissafin. Jiniya da fitilu da kaki da mutum huɗu suna ihu lokaci guda, duk suna tabbatar masa da abin da yake tsoro. Ya ƙanƙame abin da ke hannunsa, ɗan sanda ya ga taurin kai, kowa ya ƙara tsorata, cikin daƙiƙoƙi a yi abin da ba ya gyaruwa.

Abu na biyu shi ne danne mutum rub da ciki, hannuwa a baya, ana hawa masa gadon baya. Ƙirji ba ya samun wurin buɗewa. Mutumin yana fizge-fizge don ya samu iska, masu danne shi suna ɗauka tirjiya yake yi, su ƙara nauyi. An daɗe ana rubuta irin wannan mutuwa da sunan wani ciwo wai shi "haukan zumuɗi". A 2023 jihar Kalifoniya ta hana rubuta wannan suna a matsayin musabbabin mutuwa, ƙungiyar likitocin gaggawa ta Amurka kuma ta janye takardar da ta taɓa goyon bayansa.

Me zai hana a ba 'yan sanda horo kawai a huta?

Wannan aka fara gwadawa. A 1987 'yan sandan Memfis ta jihar Tenesi suka harbe wani matashi baƙar fata, Joseph Dewayne Robinson, wanda ke riƙe da wuƙa yana yankar jikinsa. Gari ya ɗau zafi. A 1988 hukumar birnin ta haɗa kai da jami'o'i da ƙungiyar iyalan masu ciwon ƙwaƙwalwa aka fito da tsarin da yanzu ake kira tsarin Memfis: a zaɓi jami'ai masu sha'awar aikin, a ba su horon sa'a 40, su koyi alamomin ciwo, su zauna da marasa lafiya da iyayensu su ji daga bakinsu, su koyi sassauta murya. Dubban hukumomin 'yan sanda sun kwaikwaya.

Binciken da aka yi a kai ya nuna cewa jami'an da suka samu horon sun fi fahimta, sun kuma fi kai mutum asibiti maimakon caji ofis. Abin da ba a samu hujja mai ƙarfi a kansa ba shi ne ko horon ya rage raunuka da kashe-kashe, wanda kuwa don shi aka fara. A ganina dalilin a fili yake. Wurare da yawa sun ɗauki darasin mako guda suka bar sauran tsarin. A Memfis akwai wurin da ɗan sanda zai miƙa mara lafiya a karɓa ba tare da gardama ba, kuma wannan ne ƙashin bayan abin.

Akwai wani horon da ya fi nuna sakamako. Shugabannin 'yan sandan Amurka sun je Sukotlan, inda yawancin jami'ai ba sa ɗaukar bindiga amma suna fuskantar masu wuƙa, suka ga yadda ake yi: a ja da baya, a fake bayan mota, a bar mutum ɗaya ya yi magana, a ba lokaci dama. Da aka koyar da wannan a Luwisbil ta jihar Kentaki, masu bincike sun samu amfani da ƙarfi ya ragu da kashi 28 cikin 100, raunin jama'a da kashi 26, raunin 'yan sandan kansu da kashi 36. Wannan adadi na ƙarshe ya kamata a nuna wa duk mai cewa sassauci yana jefa jami'i cikin haɗari.

In ba ɗan sanda ba, wa za a tura?

Misalin da kowa ke ambata shi ne na Yujin, wani matsakaicin gari a jihar Oregon. A 1989 wata ƙaramar cibiyar lafiya mai suna White Bird ta fara shirin CAHOOTS. Mutum biyu ne a cikin farar motar bas: ma'aikacin jinya ko na agajin gaggawa, da mai horon kwantar da hankali. Ba kaki, ba bindiga, ba ikon kama kowa. A motar akwai ruwan sha, da bargo, da safa, da ɗan abin taɓawa, da kayan ɗaure rauni. Idan suka tarar da mutum yana ihu a bakin titi, ba sa tsaya masa a ka. Ɗaya zai tsuguna nesa kaɗan, hannuwansa a fili, ya faɗi sunansa, ya tambaya ko mutumin ya ci abinci yau. Wani lokacin a nan maganar take ƙarewa: a ba shi ruwa, a nemo masa maganinsa da ya ƙare, a kai shi masauki ko gidan 'yar'uwarsa. A 2019 sun amsa kira kusan 24,000, kuma ƙalilan ne daga ciki suka nemi 'yan sanda su kawo musu ɗauki.

An yi sa-in-sa kan yawan nauyin da suka ɗauke. Cibiyar ta ce kashi 17 cikin 100 na kiraye-kirayen yankin suke amsawa, 'yan sandan garin suka ce waɗanda da su ne za su je ba su wuce kashi 5 zuwa 8 ba. Ko da na 'yan sandan ne daidai, dubban haɗuwa ne tsakanin bindiga da mara lafiya da ba a yi ba.

Birnin Denba ya fara irin nasa, STAR, ranar 1 ga Yuni 2020. A wata shida na farko sun amsa kira 748, ba a kama ko mutum ɗaya ba. Masu bincike biyu na jami'ar Stanford, Thomas Dee da Jaymes Pyne, sun gano cewa rahoton ƙananan laifuka irin su buguwa a fili da shiga wuri ba izini ya ragu da kashi 34 cikin 100 a unguwannin da shirin ke aiki, manyan laifuka kuma ba su ƙaru ba. Birnin Albakarki ya wuce nan: a 2021 ya fara aiki da ma'aikata ta uku mai zaman kanta, bayan 'yan sanda da 'yan kwana-kwana. A Sitokhom ta ƙasar Suwidin tun 2015 akwai motar asibiti ta musamman da ma'aikatan jinyar ƙwaƙwalwa biyu a ciki, kujerun zama a maimakon gadon ɗaukar mara lafiya.

Akwai kuma tsarin tsaka-tsaki, inda ma'aikacin lafiya ke shiga motar 'yan sanda su tafi tare. Ya fi babu, amma kakin yana nan, kuma idan ra'ayi ya saɓa mai bindiga ne ke da ta cewa.

Idan mutumin yana riƙe da wuƙa fa?

'Yan sanda za su je. Babu wani shiri daga cikin waɗannan da ke tura ma'aikacin jinya gaban makami. Nan ne kuma raunin gyaran yake, don yawancin waɗanda ake harbewa suna riƙe da wani abu, ko wuƙar kicin ce ko almakashi. Saboda haka motar farar hula tana rage kame da wulaƙanci da cunkoson gidan yari, rage kisa kuwa sai an gyara yadda shi ɗan sandan yake tunkarar mai wuƙa. Dole a yi duka biyun.

Wa ke yanke shawarar wanda za a tura?

Mai ɗaga waya a cibiyar kiran gaggawa, mutumin da ba a cika tunawa da shi ba. Yana da 'yan daƙiƙoƙi ya tambaya: akwai makami? ya ji wa wani rauni? an san shi da ciwo? Idan yana tsoron a ɗora masa laifi, zai tura 'yan sanda kowane lokaci, motar lafiya ta zauna a ajiye. An ga haka a Niyok, inda shirin B-HEARD ya fara a unguwar Halam a 2021, amma kiraye-kiraye masu yawa da suka cancanci ma'aikatan lafiya suka ci gaba da faɗawa hannun 'yan sanda saboda ƙarancin ma'aikata da yadda ake tantancewa.

Ranar 16 ga Yuli 2022 Amurka ta buɗe lamba 988 domin masu tunanin kashe kansu da duk wanda ya shiga ƙunci. Mai ba da shawara ne ke amsawa, kuma mafi yawan kiran a waya suke ƙarewa ba a tura kowa ba. Wasu har yanzu suna ɗari-ɗari da ita, domin idan aka ga rai na cikin haɗari a kan tura jami'ai ko da mai kiran bai yarda ba.

An lallashe shi ya shiga mota. Sai ina?

Wannan ita ce tambayar da ta fi sauran nauyi, kuma ita aka fi tsallakewa. Ɗan sandan da ya kai mara lafiya sashen gaggawa na asibiti yana iya shafe sa'o'i a benci yana jira a karɓa. Idan ya kai shi gidan yari kuwa, ɗan lokaci kaɗan ya gama cike takarda ya koma bakin aiki. Ba sai mugu ba, duk jami'in da ya gaji zai gane wace hanya ce mai sauƙi. Zagin ɗan sanda a nan barin jaki ne ana dukan taiki.

A Tusan ta jihar Arizona an gina cibiyar karɓar masu rikicewa mai ƙofa ta musamman ta 'yan sanda. Ba a mayar da kowa, ko a buge yake ko yana faɗa, kuma jami'i yakan miƙa mutum ya fita cikin kimanin minti 10. A ciki kujerun kishingiɗa ne, mutum ya huta, likita ya duba shi, da yawa su koma gida kafin kwana ɗaya ya cika. Masana harkar suna taƙaita abin da ake buƙata a abu uku: wanda za a kira, wanda zai zo, da inda za a je. Daniel Prude ya ga likita a ranar da abin ya faru. Da an riƙe shi kwana ɗaya, da babu wanda zai kira 911 a daren.

Yaya Ingila take yi?

Can bindiga ba ita ce babbar matsalar ba, dannewa ce da tsarewa. A 2010 Olaseni Lewis, ɗan shekara 23 da bai daɗe da gama jami'a ba, ya kai kansa asibitin ƙwaƙwalwa a kudancin Landan. Da ya so tafiya aka kira 'yan sanda, jami'ai 11 suka danne shi sama da rabin sa'a, bai sake farfaɗowa ba. Iyayensa suka yi shekaru suna fafutuka har majalisa ta yi doka a 2018 da ake kira da sunansa, wadda ta tilasta rubuta duk wani amfani da ƙarfi a sassan ciwon ƙwaƙwalwa, ta kuma ce ɗan sandan da aka kira ciki ya kunna kyamarar jikinsa. Tun 2017 kuma an rage wa'adin da ɗan sanda zai iya sa a tsare mutum don likita ya duba shi daga sa'a 72 zuwa 24, an hana ajiye yara 'yan ƙasa da shekara 18 a sel saboda ciwo.

Sai kuma 'yan sandan suka ce su ma sun gaji. Rundunar 'yan sandan yankin Hambasaid a arewacin Ingila ta fara wani tsari, a 2023 aka mayar da shi na ƙasa baki ɗaya, rundunar Landan ta bi sahu a Nuwamban shekarar: ba za su ƙara amsa kiran ciwon ƙwaƙwalwa ba sai in rai na cikin haɗari ko ana aikata laifi. Gwamnati ta ƙiyasta za a tsimi sa'a miliyan guda ta aikin 'yan sanda a shekara. Ƙungiyoyin marasa lafiya ba su ƙi manufar ba, saurin janyewar suka ƙi, tun da hukumar lafiya ba ta da isassun ma'aikatan da za su cike gurbin. Masu binciken musabbabin mutuwa sun riga sun ja kunne kan mutanen da aka yi ta tura danginsu daga wannan lamba zuwa waccan ba wanda ya je.

Wannan ba shi ne kiran a rage wa 'yan sanda kuɗi ba?

Bayan kisan George Floyd a 2020 an cuɗa maganganun biyu, amma CAHOOTS ya girmi wancan kiran da shekara 30, kuma manyan 'yan sanda da yawa suna goyon baya, don aikin da ba nasu ba ake sauke musu. Kuɗi dai shi ne maƙogwaron abin. A 2021 gwamnatin tarayya ta yi wa jihohi tayin biyan kashi 85 cikin 100 na kuɗin motocin agaji na tsawon shekara uku, tallafi mai wa'adi ke nan. Shi kansa CAHOOTS, wanda duniya ke zuwa koyo a wurinsa, kasafinsa bai wuce dala miliyan biyu da 'yan kai ba a shekara, ma'aikatansa na karɓar albashi kaɗan, kuma a Afrilu 2025 ya daina aiki a cikin Yujin saboda rashin kuɗi.

Mu a Najeriya wannan ya shafe mu?

Ya shafe mu ta wata fuskar. A nan ba kasafai ake fara kiran ɗan sanda ba. Na taɓa gani a wata tasha: saurayi ya tuɓe riga yana wa'azi a kan tulin buhuna, yara na bin sa da "mahaukaci", majiya ƙarfi huɗu suka kayar da shi suka ɗaure da igiyar ɗaure kaya, aka jefa shi bayan a-kori-kura. Da na tambayi inda za a kai shi, wani ya ce wurin malam za a yi masa ruƙiya, wani ya ce caji ofis tukuna. Ba wanda ya ambaci asibiti.

Har zuwa kwanan nan dokar da ke aiki ta 1958 ce, wadda ta samo asali daga dokar Turawan mulki ta 1916, kuma a ƙarƙashinta aka riƙa ajiye marasa lafiya a gidan yari ba tare da sun yi laifin komai ba. A Janairu 2023 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta amince da haƙƙin mara lafiya. Amma yunƙurin kashe kai har yanzu yana rubuce a matsayin laifi, sashe na 231 na kundin Final Kod a Arewa da na 327 na kundin Kudu, hukuncin ɗaurin da zai kai shekara guda. Wato wanda aka ceto daga igiya, doka ta ba da damar a miƙa shi ga ɗan sanda. Majalisar Ghana ta soke irin wannan a Maris 2023. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, asibitocin tarayya irin na Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da na Maiduguri suna ɗaukar nauyin jihohi da dama. Samamen da 'yan sanda suka kai wani gidan gyaran hali a Rigasa ta Kaduna a Satumba 2019, inda aka fito da mutane ɗaruruwa wasu da mari a ƙafa, ya nuna inda iyalai ke kai nasu idan babu wani wurin.

Ɗan'uwana ya rikice a gida, me zan yi kafin taimako ya zo?

A rage mutane a ɗakin, a kori 'yan kallo, a kashe rediyo da talabijin. A kawar da wuƙaƙe da magunguna da fetur ba tare da ya lura ba. Mutum ɗaya da ya fi yarda da shi ya yi magana, a hankali, gajerun kalmomi. Kada a yi masa musu kan abin da yake gani ko ji, kada kuma a ce ana gani. Ya isa a ce masa an ga yana cikin tsoro kuma ana tare da shi. A bar masa hanyar ƙofa, kada a tare shi a lungu. In dole sai an riƙe shi, kada a kwantar da shi rub da ciki, kada kowa ya hau ƙirjinsa ko bayansa ko wuyansa.

Idan an kira jami'ai, a faɗa tun a waya cewa mara lafiya ne, a faɗi ko akwai makami ko babu, a nemi motar asibiti. Mazauna Amurka su fara da 988, ko su roƙi a turo jami'i mai horon tsarin Memfis. Wani babba ya tare su a ƙofar gida kafin su shiga, ya gaya musu sunan mara lafiyar, da abin da ke firgita shi, da wanda yake jin maganarsa. A riƙe katin asibitinsa da kwalin maganin da yake sha a hannu, domin likitan da zai karɓe shi su zai fara tambaya.